Milimita Biyu a Bakin Yatsa: Yadda Makaɗan Jita Ke Auna Farcensu

Wanda ya gaisa da makaɗin jita irin ta Sifaniya, wadda masu abin ke kira jitar kilasik, in dai mai lura ne zai ga kamar hannayen ba na mutum ɗaya ba ne. Faratan hagu a yanke suke tas, har kusa da nama. Na dama kuwa guda huɗu sun ɗan leƙo, bakinsu a goge sumul yana ɗaukar ido, na ƙaramin yatsa kaɗai aka datse. Hannun hagu shi ke danne tsirkiyoyi a wuyan jita, kuma ko ɗan tsinin farce ya rage a can zai hana kan yatsa sauka daidai, ya riƙa kankare katakon. Hannun dama shi ke fizgar tsirkiya. A wannan salon kiɗa babu ɗan guntun robar nan da masu jitar lantarki ke riƙewa, babu kuma irin busasshiyar fatar da mai garaya ke kaɗa tasa tsirkiyar da ita. Farcen da aka halicci mutum da shi, shi ne kayan aikin.

Shi ya sa karyewar farce, wadda ga sauran jama'a ba ta kai a ba da labarinta ba, ga makaɗin jita tana iya ɓata biki. Francesco Corbetta, ɗan Italiyan da ya yi kiɗa a fadar Sarki Louis na 14 na Faransa da ta Sarki Charles na 2 na Ingila a ƙarni na 17, ya taɓa kasa fitowa wani taro a birnin Turin saboda farcensa ya karye, kamar yadda wani matafiyi Bajamushe mai suna Adam Ebert ya rubuta. Sama da shekara 300 ke nan, amma har gobe in aka buɗe ɗan aljihun da ke cikin akwatin jitar ƙwararre, za a tarar da magagarin farce, da guntayen samfefa mai laushi, da ƙaramar kwalbar sufa gulu.

Tambayar da kowane sabon ɗalibi ke fara yi wa malaminsa ita ce, wane tsawo zai bari? Amsar da aka saba bayarwa gajera ce: milimita ɗaya zuwa biyu. Sai dai a wajen aunawa ake yin kuskure. Ɗalibi yakan juya bayan hannunsa ya dubi farin da ke bakin farce, ya ga ya kai milimita biyu, ya ce ya gama. Malami kuwa tafin hannu yake sa shi ya juyo wa fuskarsa, ya ɗaga hannun daidai da ido, sannan ya dubi abin da ya leƙo ta bayan naman yatsa. Wannan ɗan siririn da ya hango shi ne tsawon, don ta wannan ɓangaren tsirkiya ke zuwa.

Bambancin ba ƙarami ba ne, saboda yatsun mutane ba iri ɗaya ba ne. Wani kan yatsansa cike yake da nama, farcen ya rabu da fata tun can baya, sai farin ya kai milimita uku ko huɗu kafin ya leƙo ta tafi. Wani kuwa siririn yatsa gare shi, farcen manne da nama har baki, farin milimita ɗaya ya ishe shi. Idan waɗannan mutum biyu suka bi lamba ɗaya suka auna ta baya, ɗaya zai tashi da farcen da ko tsirkiya ba ya taɓawa, ɗayan kuma da wanda ke maƙalewa. Akwai gwajin da malamai da dama ke koyarwa wanda ya fi ma'auni amfani: a miƙe yatsa, a kawo magagari a tsaye a jingina shi a bakin yatsan. In nama da farce suka taɓa magagarin a lokaci guda, an kusa da daidai. In sai an karkatar da magagarin kafin ya taɓa naman, farce ya yi tsawo. In sai an karkatar da shi ɗaya gefen kafin ya sami farcen, ya yi gajarta.

Dalilin wannan gwaji yana cikin abin da ke faruwa a ɗan lokacin da yatsa ke kan tsirkiya, lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Mai kallo daga nesa yana zaton makaɗin yana saƙalo tsirkiyar da farce ne ya ja ta sama ya saki. In da haka yake yi, da abin da za a ji sai ƙara siririya mai tsawa, tsirkiya na marin ƙarafan wuya. Abin da ƙwararre ke yi daban ne. Yana ɗora yatsa yadda tsirkiya za ta zauna a ɗan lungun da nama da farce suka haɗu, galibi ta gefen da ke fuskantar babban yatsa. Naman ya tsayar da rawar da tsirkiyar ke yi daga bugun baya, don kada a ji ƙas lokacin da ta haɗu da farce. Daga nan sai yatsa ya tura, tsirkiyar ta zame a kan bakin farcen, farcen yana danna ta ciki wajen fuskar jita, har ta kai ƙarshensa ta kuɓuce.

Wannan dannawa ciki ita ce gishirin maganar. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya, don kaurinta bai kai ta tura iska ba. Ta farko a jitar kilasik, mafi siranta, kaurinta wajen kashi bakwai cikin goma ne na milimita. Abin da ke magana shi ne siririn allon da ke fuskar jita, wanda ke karɓar rawar tsirkiya ta wurin jakin da aka ɗaure ta a kai. Allon nan kuwa ciki da waje yake motsi. Tsirkiyar da aka kaɗa gefe da gefe ba ta girgiza shi sosai, wadda aka danna ciki aka saki ita ke tashinsa. John Taylor, makaɗi ɗan Ingila wanda ya karanci kimiyyar lissafin motsi da sauti, ya yi ɗan littafi a 1978 a kan yadda ake fitar da sauti a wannan jita, kuma bayaninsa ya zauna a bakin malamai: bakin farce gangare ne, irin wanda mai shago ke yi da siminti a ƙofarsa don a tura baro ba tare da ya yi tsalle ba. In gangaren ya yi tsayi da santsi yadda ya kamata, tsirkiya na sauka a hankali, sauti ya fito da kauri da zaƙi. In ya yi tsaye, ko yana da kaushi, sai ta fizge, sautin ya fito a tsinke.

Da wannan a zuciya, illar dogon farce a fili take. Tsirkiya ba ta samun nama kwata-kwata, farce take fara cin karo da shi, don haka kowane sauti yana zuwa da ɗan ƙas a gabansa. Tafiyar da za ta yi kafin ta kuɓuce ta ƙaru, yatsa na jin nauyi, gudu ya ragu. Mafi muni, makaɗin ya daina jin tsirkiyar a fatarsa, alhali da wannan taɓawar yake sanin inda hannunsa yake ba tare da ya duba ba. Tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta a wajen da ake kaɗawa bai wuce milimita goma sha ɗaya ko sha biyu ba, saboda haka ƙarin milimita biyu a bakin yatsa ba ƙaramin cunkoso ba ne. Ga kuma saurin karyewa. Duk da haka, kuskuren da sababbi suka fi yi ke nan, kuma ba abin mamaki ba ne: mutum ya yi wata guda yana renon farce, yana kaffa-kaffa da shi, ba ya son a ce masa ya goge rabi.

Gajeren farce shi ma yana da tasa matsalar, ko da yake ta fi sauƙin zama da ita. Tsirkiya na nutsewa a nama, ta taso, sannan ta yi tuntuɓe da bakin farcen a kan hanyarta ta fita, sai a ji sauti biyu a maimakon ɗaya. Ko kuma wani bugun ya sami farce, wani ya kuskure, murya ta riƙa canzawa ba da nufin mai kiɗa ba. Amma gajere yana gyara kansa cikin mako guda. A ra'ayin mai wannan rubutu, ɗalibin da ke shakka gara ya karkata wajen gajarta, ya bar farcen ya riƙa tsiro yana saurare kullum, har ranar da kunnensa ya ce masa a nan ne.

Yatsun huɗu ma ba tsawo ɗaya ake ba su ba. A takardun kiɗan jita ana yi musu alama da haruffan farko na sunayensu a Sifaniyanci, p da i da m da a, wato babban yatsa, manuni, na tsakiya da na zobe. Na tsakiya ya fi sauran tsawo, shi ke fara isa tsirkiya, don haka farcensa ba ya bukatar fitowa sosai. Na zobe ya fi shi gajarta da rauni, kuma shi ne sau da yawa ke ɗauke da waƙar a tsirkiya ta farko, saboda haka makaɗa da yawa kan bar nasa ya ɗan ɗara. Babban yatsa duniyarsa daban. A kwance yake zuwa wa tsirkiya, ta gefe, kuma aikinsa a kan tsirkiyoyi uku masu kauri ne waɗanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla mai ruwan azurfa. Wayar nan tana cin farce a hankali. Yawanci ana barinsa ya fi sauran tsawo, har milimita uku ko fiye, a kuma goge gefensa yadda makaɗin zai iya juya hannu kaɗan ya buga da nama zalla in yana son murya mai duhu.

Inda ake kama wanda bai daidaita faratansa ba shi ne a salon da ake kira tiremolo. Babban yatsa ya buga tsirkiya mai kauri, sai na zobe, na tsakiya da manuni su bi juna a tsirkiya ɗaya da sauri, a yi ta maimaitawa har kunne ya ji kamar sauti ɗaya ne dogo yana rawa. Shahararren kiɗan Francisco Tárrega mai suna Recuerdos de la Alhambra, wanda ya tsara don tunawa da fadar sarakunan Musulmi ta Granada, daga farkonsa har kusan ƙarshe a kan wannan salo yake tafiya. Farce ɗaya ya fi 'yan'uwansa da rabin milimita, sai a ji kiɗan yana ɗingishi, kuma ɗalibi na iya shafe watanni yana zargin yatsunsa alhali magagari ne maganin.

Tsawo kuma ba ya rabuwa da siffa. Akwai farce shimfiɗaɗɗe, akwai mai lanƙwasa daga gefe zuwa gefe, akwai wanda in ya tsiro bakinsa ke lanƙwashewa ƙasa ya zama ƙugiya. Mai irin na ƙarshen nan ba shi da zaɓi, dole ya zauna a gajere, ya kuma riƙa goge ƙarƙashin bakin don ya miƙar da shi. Wasu makaɗa suna bin zagayen yatsa, wasu suna yin gangare mai hawa daga gefen babban yatsa zuwa ɗaya gefen, wasu akasin haka. Scott Tennant, Ba'amurke wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar makaɗan jita huɗu ta Los Angeles, ya zana waɗannan siffofi a littafinsa Pumping Nylon na 1995, kuma ɗalibai da yawa a duniya daga zanen nan suka fara gane nasu farcen. Yadda mutum ke riƙe wuyan hannunsa ma yana canza lissafin. Ida Presti ta Faransa da mijinta Alexandre Lagoya, waɗanda kiɗansu na mutum biyu ya yi tashe a shekarun 1950 da 1960, da ɗaya gefen farcen suke bugawa, na wajen ƙaramin yatsa, saɓanin kusan kowa. Gyaran farcen da ya dace da su ba zai yi wa mai bin hanyar da aka saba amfani ba.

Abin sha'awa, shawarar milimita ɗaya zuwa biyu ba sabuwa ba ce. Alessandro Piccinini, makaɗin lut, wato 'yar'uwar jita mai ƙoƙon baya wadda ta samo asali daga udin Larabawa, ya buga littafi a Bologna a 1623 inda ya ba da shawarar a bar farce ya ɗan wuce nama kaɗan, a zagaye bakinsa, tsirkiya ta fara taɓa nama sannan ta zame kan farce. Amma a zamaninsa da bayansa akwai manyan da ke ganin tsawon da ya dace shi ne babu. Miguel de Fuenllana na Sifaniya a 1554 da Thomas Mace na Ingila a 1676 duk nama suka fifita, ko da yake Mace ya yarda farce na taimakawa in ana kiɗa cikin taron wasu kayan kiɗa, inda ake bukatar murya ta ratsa.

Rigimar ta fi daɗin ji a kan mutum biyu da suka zauna a masauki ɗaya a birnin Faris. Fernando Sor, haifaffen Basalona a 1778, da nama yake kiɗa, kuma a littafinsa na koyarwa na 1830 bai ɓoye ƙyamarsa ga sautin farce ba. A ganinsa farce na da amfani ne kawai in ana son kwaikwayon muryar wata algaitar Turai mai fita ta hanci. Dionisio Aguado, haifaffen Madrid a 1784, da farce yake kiɗa, kuma an san shi da gudu da tsabtar sauti. Sor ya yi wa Aguado uzuri shi kaɗai, saboda ƙwarewarsa. Saɓanin bai hana su abota ba, har Sor ya tsara musu kiɗan jita biyu mai suna Les deux amis, wato abokai biyu, suka riƙa yi tare. Aguado ma ya ɗan sassauto. A littafinsa na 1843 ya faɗa cewa bayan ya saurari abokinsa ya daina amfani da farcen babban yatsa, ya bar na sauran, kuma ya ja hankalin ɗalibai cewa kada farce ya yi tsawo ainun.

Tárrega, wanda aka haifa a 1852 ya rasu a 1909, shi ne ya raba almajiransa gida biyu. Yawancin rayuwarsa da farce ya yi kiɗa. Wajen 1902, yana da shekara 50, suna ya riga ya kafu, sai ya yanke su ya koma koyon fitar da sauti da nama. Wasu sun ce neman wata murya ce da ya daɗe yana ji a ransa, wasu sun ce faratan ne suka lalace suka tilasta masa. Miguel Llobet, wanda ya fi kowa fice cikin almajiran a fagen wasa, ya riƙe farcensa. Emilio Pujol ya bi malam sau da ƙafa, ya rayu har 1980 yana kare wannan hanya, har ya rubuta littafi guda a kan wannan saɓani kaɗai, El dilema del sonido en la guitarra.

Wanda ya kashe maganar a aikace bai yi karatu a hannun Tárrega ba. Andrés Segovia, haifaffen Linares a 1893, ya ƙudura cewa jita za ta fita daga ɗakunan baƙi da shagunan shan gahawa ta hau dandalin da ake sauraron fiyano da goge na Turai. Ya yi wasansa na farko a Faris a 1924, kuma har ya tsufa yana cika manyan zaurukan kiɗa ba tare da lasifika ba. Mutumin da ke kujerar ƙarshe a zaure mai cin mutum dubu biyu ba zai ji taushin nama ba, sai sauti mai kaifin baki. Segovia ya haɗa biyun, nama ya fara, farce ya ƙarasa, kuma ta hanyar juya yatsa kaɗan yana fitar da muryoyi iri-iri daga tsirkiya ɗaya. Faya-fayansa suka zagaya duniya, sautinsa ya zama ma'auni. Julian Bream na Ingila da John Williams haifaffen Ostareliya, manyan da suka biyo baya, duk da farce suka yi suna. Bream ma har lut da farce yake kaɗawa, abin da masu kishin tsohon salo ba su ji daɗinsa ba.

Tsirkiyar kanta ta taimaka. Sor da Aguado da Tárrega a kan hanjin tumaki da aka murɗa aka busar suka yi kiɗa. Hanji yana da ɗan kaushi wanda nama ke kamawa da kyau, farce mai kaifi kuma yana saurin tsattsage shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu hanjin ya yi wuya, domin likitoci na ɗinkin rauni da shi. A birnin Niyok wani maƙerin jita, Albert Augustine, tare da ƙarfafawar Segovia, ya ɗauki zaren nailan na kamfanin DuPont ya yi ta gwaji har ya fitar da tsirkiyar da ta shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1940. Nailan santsi gare shi, yana jure farce, kuma a ƙarƙashin nama zalla muryarsa takan dushe. Daga nan makarantun kiɗa kusan duka suka koma hanya ɗaya.

Wahalar wannan hanya ita ce kayan aikin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Farcen hannun baligi yana tsiro wajen milimita uku zuwa uku da rabi a wata, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ke nan kullum. Na yatsan tsakiya ya fi sauri, kuma shekaru na rage gudun. Wani likita Ba'amurke, William Bean, ya shafe shekara 35 yana yi wa farcen babban yatsansa alama yana aunawa, ya tarar tsiron ya sauko daga milimita 0.123 a rana yana ɗan shekara 32 zuwa 0.095 yana da 67. Ga makaɗin da duk tazararsa milimita ɗaya ce, lissafin ya nuna cewa farcen da ya yi daidai ranar Asabar ya fara wuce gona da iri kafin wata Asabar ɗin. A ɗaya ɓangaren kuma, mai atisaye na sa'o'i da yawa kullum tsirkiyoyi masu kauri na cinye masa farce fiye da yadda yake tsirowa, har wasu kan liƙa ɗan salatif a baki lokacin atisaye don su adana shi saboda ranar wasa.

Saboda haka ƙwararru ba sa yanke farcen dama da abin yanka ko reza, don yana tsaga shi ta inda ido ba ya gani. Gogewa suke yi, kaɗan-kaɗan, duk bayan kwana biyu ko uku. Da magagari ake fitar da tsawo da siffa, yawanci na gilashi ko mai ƙurar lu'ulu'u, ana riƙe shi a karkace ta ƙarƙashin baki. Sannan a bi da samfefa, daga mai lamba 500 zuwa sama, har akwai masu kaiwa ga wani kyalle mai lamba 12,000 wanda a hannu ba a jin kaushinsa ko kaɗan. Ana gwadawa ne a kan tsirkiya ta farko, ita ce ba ta rufa asiri. Sau da yawa abin da ɗalibi ke zaton matsalar tsawo ce, kaushin baki ne kawai, minti biyu da samfefa ya kawar da shi.

Sai kuma zaman yau da kullum. Makaɗi yakan koyi buɗe ƙofar mota da jan zif da hannun hagu. Ruwa na tausasa farce, shi ya sa ba a gyara shi bayan wanka ko wanki, sai ya bushe. Bushewar iska kuma na sa shi ƙarmasowa ya tsage, abin da duk mai koyon wannan kiɗa a ƙasar da ake hunturu zai gani da idonsa, kuma ɗan man shafawa a gindin farce da bakinsa na rage ɓarnar. In ya tsage duk da haka, ana liƙe shi da sufa gulu da ɗan siririn kyallen siliki ko takardar shayi. In ya fita gaba ɗaya, tsohuwar dabarar ita ce a yanko ɓallin ƙwallon tebur, wanda kaurinsa da lanƙwasarsa suka yi kusa da na farce, a manna a goge. Wasu na zuwa shagon gyaran farce a yi musu na roba, amma wannan yana raunana na ƙasan in aka daɗe ana yi. Farcen da ya tsage har gindi kuwa sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin sabo ya maye gurbinsa. Makaɗan filamenko na kudancin Sifaniya, waɗanda ke watsa yatsu a kan tsirkiyoyi da bayan farce suna kuma ƙwanƙwasa fuskar jita, sun fi kowa shan wannan wahala, kuma da yawansu a kullum faratansu a shafe suke da abin ƙarfafawa.

Ga Bahaushen da ke sha'awar wannan kiɗa akwai wata tambayar da littattafan Turai ba sa tsayawa a kanta. Hannun dama shi ne na cin tuwo da gaisawa, yanke farce kuma yana cikin sunnonin tsabta, har hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Sahihu Muslim ya sa iyakar kwana 40. Farce mai milimita ɗaya da ake gogewa duk bayan kwana biyu ba irin zaƙo-zaƙon faratan da ake ƙyama ba ne, kuma tsabtace ƙarƙashinsa wajibi ne ko don sautin. Amma wanda ransa bai kwanta ba, ko wanda sana'arsa ba ta barin farce, kamar ma'aikacin jinya ko makanike ko mai kiɗan fiyano, hanyar Sor da Pujol ba ta rufe ba. Virginia Luque, 'yar Sifaniya da ta yi karatu a hannun Segovia kansa, ba ta amfani da farce. Rob MacKillop na Sikotland ya daɗe yana koyar da wannan salo, kuma samuwar makirfo mai kyau ta rage ƙarfin hujjar kujerar ƙarshe. Masu bin hanyar sukan zaɓi tsirkiya mai sassauci, ko ta hanji, ko ta roba da aka yi ta kwaikwayi hanji, su riƙa shafa mai don kada kan yatsa ya yi kanta, su kuma sauke wuyan hannu yadda naman zai shiga ƙarƙashin tsirkiya sosai. Wanda ya saba da farce ya yanke, yakan yi makonni kafin fatar bakin yatsunsa ta saba, tiremolo kuma shi ne abu na ƙarshe da ke dawo masa.